Tambayar da na ji kunyar yi

 Ni ma'aikaciyar gwamnati ce a Maraɗi, uwar ɗiya uku, kuma labarin da zan ba ku ya same ni ne a kan goyona na biyu. Na daɗe ina riƙe da shi a ciki, domin akwai laifina a cikinsa, mutum kuwa ba ya son tallar laifinsa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, kwanan baya wata abokiyar aikina mai tsohon ciki ta ce mini ta samu ƴar reno, har yarinyar ta kwana uku a gidanta. Na tambaye ta ko ta je gidan da yarinyar ta baro. Ta yi dariya ta ce: "Sai ta zauna tukuna, in na ga wani abin da ban gane ba sai in bincika." Jikina ya yi sanyi, domin kalmomin nan su ne na faɗa da bakina shekarun baya, ba ragi ba ƙari.

Bari in fara da lissafi, tunda yawancin masu karanta wannan shafi mutanen lissafi ne, ko a kasuwa ko a buro. Dokar aiki ta ƙasarmu ta ba mace hutun haihuwa na sati 14, shida kafin haihuwa, takwas bayanta. Sati takwas kwana 56 ke nan. A cikinsu kwana 40 na jego ne: ga wanka safe da maraice, ga kunun kanwa, ga ƴan barka, ga tsohuwar da ta zo daga gida tana ɗauke miki komi, har ki manta akwai ranar da za ta tafi. In kin cire 40 daga 56, saura kwana 16. A cikin kwana 16 ɗin nan ne mafi yawanmu muke neman wadda za mu miƙa wa jaririn da bai cika wata biyu ba, mu ja ƙofa mu tafi aiki tun ƙarfe 8 na safe. Wanda zai sayi ragon layya yakan fi haka shiri.

A kan ɗiyata ta fari ban san wannan damuwa ba. Ƙanwata tana gidana a lokacin, ita ta goye ta har ta yi tafiya. Haka ma mu aka rene mu. Mahaifiyata malamar lakkwal ce, kuma a shekarun 1990, lokacin da albashi ke yin watanni bai fito ba, ga kuɗin sefa an karya darajarsu da rabi a watan Janairu na 1994, ba ta da abin biyan ƴar aiki. Ɗiyar ƙanenta aka kawo mata daga ƙauye. Irin wannan reno ba ya bukatar bincike, domin binciken ya riga ya gudana tun kafin a haife mu: an san uwar yarinya, an san kakarta, an san halin gidansu. Yau ƙannenmu suna lakkwal, kuma haka ya kamata. Sai muka koma ɗaukar baƙi, amma muka ci gaba da yarda irin ta dangi, kamar dai babu abin da ya sake.

Ranar da gwaggona ta ɗaure kayanta bayan arba'in, sai hankalina ya tashi. Na faɗa wa yayar maigidana. Bayan kwana biyu ta zo da wata dillaliya, irin matan nan da ke yawo gida gida da atamfa da turare, suna kuma haɗa masu neman aiki da masu neman ƴan aiki. A bayansu ga wata yarinya siririya, da ƙullin kayanta a leda, idonta a ƙasa. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni. Dillaliya ta ce yarinya ce mai ladabi, mai salla, ta yi shekara guda tana reno a wani gida a unguwar Zariya, kuma ba don an yi wa maigidan afektasiyo zuwa Yamai ba, da ba za su rabu da ita ba. Na tambayi shekarunta, aka ce goma sha biyar. Yaya ta ce: "Ai ni na san Hajiya, ba za ta kawo miki abin banza ba."

A nan ne tambayar ta zo mini har bakina: wane gida ne a Zariya, wa zan tambaya? Sai na haɗiye ta. Na ga in na tambaya kamar na ƙaryata dillaliya ne a gaban Yaya, in kuwa na ƙaryata wadda Yaya ta kawo, to Yaya na ƙaryata, kuma kowace matar aure ta san nauyin dangin miji. Ga shi kuma saura mini kwana goma sha huɗu. Na ce a raina, bari ta zauna, in na ga wani abu sai in bincika. Muka yi ciniki a kan jikka 10 a wata, da ci da kwana, na ba dillaliya la'adarta. Tun kafin su kai bakin ƙofa yarinya ta ɗauki tsintsiya.

Wata biyu na farko ban ga abin zargi ba. Tana tashi tun asuba, ta share gida, ta wanke kwanoni, ta yi wa babbar shirin lakkwal. Da na ga tana da hannu, sai na ƙara mata wanki. Da na ga ta iya, sai na ƙara mata ɗora tukunyar rana. Ban zauna na tambayi kaina ba yadda mutum ɗaya zai yi wanki da girki alhali jariri yana kuka a bayansa. Abin da na lura da shi kawai shi ne yaron ya zama mai barci. In na dawo da rana don in ba shi nono, sai in tarar yana barci, in tashe shi da ƙyar, ya ɗan tsotsa ya koma. Nono ya riƙa cika yana yi mini ciwo a buro. Da dare kuma ya hana mu runtsawa. Maƙwabta suna cewa na yi dace da yaro mai haƙuri. A wajen awo aka ce mini nauyinsa bai ƙaru yadda ake so ba, na ɗora laifin a kan zafi da yawan aikina.

Wata Talata, yana da wata biyar, na dawo gida wajen ƙarfe 11 domin na manta wata takarda. Yarinyar tana bakin famfo tana wanki. Yaron yana kwance a ɗaki. Na ɗauke shi, sai na ji jikinsa ya saki kamar tsumma, kansa ya faɗa baya. Na kira shi, na girgiza ƙafarsa, na shafa masa ruwa a fuska. Ya buɗe ido rabi ya rufe. Numfashinsa a hankali, har sai na kara kunnena kafin in ji. Ban san lokacin da na fita titi ba lulluɓi ba. Wani mai kabu-kabu ya kai mu likita, ban ma tuna ko na biya shi ba.

Lokotoron da ya duba shi ya auna zafin jikinsa, ya sa aka yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, babu. Sai ya dube ni ya ce: "Madan, me kuka ba yaron nan?" Na ce nono kaɗai. Ya ce: "A je gida a duba." Maigidana ya tafi. A cikin ledar kayan yarinyar, ƙarƙashin zanenta na salla, ya samu ƙaramar kwalbar siro, saura kaɗan a gindinta. Lokotoro ya karanta jikin kwalbar ya ce furometazin ne, maganin ƙaiƙayi da amai wanda ke sa barci, kuma ba a ba yaron da bai kai shekara 2 ba, domin yana iya rage numfashin jariri har ya tsaya. A wajen masu tallar magani a faranti ta saye shi, waɗanda ba sa tambayar takardar lokotoro, ba sa tambayar shekarun wanda za a ba. Mun kwana biyu a likita. Allah ya yi da sauran kwanansa a gaba. Yau yana lakkwal, kuma shi ne ya fi kowa surutu a gidan.

Da muka dawo gida na zaunar da yarinyar. Na yi zaton za ta yi musu, ba ta yi ba. Tana kuka ta ce: "Tanti, wallahi ban san yana kisa ba. In yana kuka ba na iya gama wanki, in ban gama ba kina faɗa." Ta ce wata ƴar aiki ce a tsohuwar unguwarsu ta nuna mata, rabin cokali in aiki ya yi yawa. Ran nan yaron ya ƙi barci, sai ta ƙara. Na tambaye ta shekarunta na gaskiya. Ba ta sani ba, ba ta da takardar haihuwa. Amma da muka lissafa da shekarar da ta ce an yaye ƙanenta, ba ta wuce goma sha uku ba. Maigidana ya so a kai magana komisariya. Na ce a'a, domin in za a tsare mai laifi, ban ga yadda za a tsare ta a bar ni ba. Muka biya ta kuɗin watanta, muka sa aka mai da ita hannun uwarta.

Bayan sati guda na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na hau kabu-kabu zuwa Zariya, dala arba'in, tafiyar da ba ta kai minti goma sha biyar ba. Na bi kwatancen da yarinyar ta ba ni. Gidan da aka ce mutanensa sun koma Yamai yana nan a buɗe, yara suna wasa a zaure. Matar gidan ta karɓe ni da mutunci, ta kawo ruwa. Da na faɗi abin da ke tafe da ni, sai ta dafe kai ta yi salati. Ta ce ita ma ta kama yarinyar da irin wannan kwalba, shi ya sa ta sallame ta, kuma ta gaya wa dillaliya dalili. Na ce: "Hajiya, me ya hana ku faɗa?" Ta ce: "Wa zan faɗa wa? Ban san inda aka kai ta ba. Kuma ba na son in bi gari ina tona asirin ɗiyar mutane. Amma da kin zo kin tambaye ni, wallahi da na gaya miki."

Wannan magana ta fi kwana biyun likita yi mini ciwo. Amsar tana nan zaune tun ranar farko, a gidan da ke cikin garinmu, a bakin matar da ba ta da niyyar ɓoye mini komi. Abin da ya raba ni da ita dala arba'in ne da kunyar minti ɗaya.

Tun daga nan na yi ta tunani a kan lokacin da ya dace a yi wannan bincike, domin na gane ba a rasa masu yinsa ba, lokacinsa ne ake kuskurewa. Mu Hausawa ba baƙin bincike ba ne. In saurayi ya fito neman aure, iyaye sukan aika a tambayo asalinsa da sana'arsa da halinsa, kuma suna yin haka ne kafin a karɓi kuɗin gaisuwa, balle a sa rana. Ba wanda ke jin haushi, domin kowa ya san al'ada ce. Haka ɗan kasuwa: kafin Alhaji ya ba sabon yaro kaya bashi ya kai Dakwaro ko Tasawa, sai ya san wa ya tsaya masa, wa ya taɓa ba shi kaya, ya kuma dawo da kuɗin ko bai dawo ba. Mai sayen wake ranar Litinin ko Juma'a a kasuwar Maraɗi yakan soka buhu ya ga abin da ke ciki kafin ya ƙirga kuɗi. Ba mai biya ya kai buhu gida sa'an nan ya ce bari in duba ko da ƙwari. Amma a kan ɗa, wanda ya fi buhu dubu, sai mu yi cinikin biri a sama.

Dalilin da ya sa binciken bayan ɗauka ba ya aiki, na gan shi a kaina. Da zarar yarinya ta kwana a gidanki, ta ci tuwonki, yaranki sun saba da ita, ke kuma kin koma aiki, to kin riga kin ɗaure kanki. Ba ki da lokacin zuwa tambaya. In ma kin je, zuciyarki tana neman a ce miki lafiya lau ne, domin in aka ce akwai matsala, gobe wa zai riƙe miki yaro? Sai ki ji abin da kike so ki ji. Wanda kika je tambaya shi ma in ya ji ta riga ta fara aiki, sai ya ce a ransa, me zai sa in raba ta da abincinta, ya ce miki "ba laifi". Sharaɗin nan kuma na "in na ga wani abu" yaudarar kai ne, domin jariri ba ya magana, kuma abin da za ki gani ɗin shi ne abin da kike gudu. Ni na ga alamu har wata guda, na fassara su duka ta hanyar da ba za ta tayar mini da hankali ba.

Akwai kuma masu gaggawa ta ɗaya gefen, waɗanda da jin an ambaci wata sai su fara buga talho suna tambaya tun ba su gan ta ba. Wannan ma na gwada daga baya, na ga amfaninsa kaɗan ne. Ba ki san abin da za ki tambaya ba, sai ki ce "yaya halinta?", a ce miki "tana da kirki", magana ta ƙare. Binciken da ke da amfani shi ne wanda ake gwama bakin mai neman aiki da bakin waɗanda ta yi wa aiki. Sai kin zauna da ita tukuna, kin ji daga gare ta gidaje nawa ta zauna, wata nawa a kowane, yara nawa ta rena, masu wane shekaru, me ya raba su. Sa'an nan ki ɗauki wannan ki kai can. In ta ce shekara guda, aka ce miki wata uku. In ta ce jariri ta rena, aka ce miki shara da wanke-wanke kawai take yi. To kin samu abin dubawa. Ni da na yi haka, ƙaryar afektasiyo ba za ta kwana ba.

Saboda haka lokacin yana tsakiya ne: bayan kin gan ta kin ji ta bakinta, kafin ki ce "na ɗauke ki", kafin a yanke albashi, kafin ledar kayanta ta shiga ɗakinki. Kuma domin wannan tsakiyar ta samu, dole a fara nema da wuri. Sati shidan nan na kafin haihuwa, da muke ɓatarwa wajen ɗinkin suna da sayen kayan jariri, su ne lokacin da mace take da ƙafa da natsuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Da na tashi neman ta biyu, na ɗauki hutun sati uku, surukata kuma ta zo ta zauna da mu. Aka kawo mini wata dattijuwa daga wajen Tibiri, mijinta ya rasu, ɗiyanta sun yi aure. Muka zauna a tabarma fiye da awa guda. Na tambaye ta abin da za ta yi in yaro ya yi zafin jiki ina buro. Ta ce za ta kira ni, in ba ta same ni ba ta kai shi likita, ba za ta ba shi komi da kanta ba. Na tambaye ta ko za ta koma gona in damina ta faɗi, domin da yawa daga masu zuwa aiki birni ƴan cin rani ne, ruwan farko ke mai da su gida. Ta ce ta bar wa ɗanta gonar. A ƙarshe na ce: "Inna, kada ku ji haushi. Ina so ku faɗa mini gidajen da kuka yi aiki, in je in gaishe su, in tambaye su. Ba na yanke magana da kowa sai na yi haka." Ban faɗi wannan a ɓoye ba, a gaban wadda ta kawo ta na faɗa. Na lura tun da na mai da shi ƙa'idata ga kowa, ba wanda ya ɗauke shi zargi. Ta ba ni gida biyu, ta ƙara da mai unguwarsu.

Gida na farko, a Sabon Gari, matar ta ce mini kada in kuskura, ɓarauniya ce, ta ɗauke mata zannuwa. Da a ce a talho na tambaya, da magana ta mutu a nan. Amma da yake da ƙafata na je, na ga ƴan aikin gidan biyu sababbi ne duka, na kuma ga yadda take yi musu magana. Da na fito na tsaya sayen ƙosai a ƙofar gidan da ke kallon nasu, na ja mai ƙosai da hira. Ta ce dattijuwar ta yi wata bakwai a gidan, an biya ta uku. Ranar da ta nemi sauran kuɗinta, ranar zannuwa suka ɓace. Ta ce ba ita ce ta farko da aka yi wa haka ba. Gida na biyu, a Ali Ɗan Tsoho, ta yi shekara huɗu. Matar gidan, wadda ungozoma ce, ta ce aibinta ɗaya ne, tana da taurin kai a kan abin da ta saba, kuma ba ta son a sa ta girki. Na yi mata tambayar da na koyi cewa ta fi kowace tambaya fito da gaskiya: "Da za ku sake haihuwa, za ku mai do ta?" Ta ce: "Da gudu." Mai unguwa kuma ya aiko da shaidar cewa ya san gidansu da ɗiyanta.

Daga nan na koyi cewa baki ɗaya ba ya isa shaida, ko na yabo ne ko na suka. Akwai uwar ɗakin da za ta yabi ƴar aiki don ta rabu da ita lafiya, akwai wadda za ta ɓata ta don ta rufe bashin da ke kanta. Dillaliya kuwa la'adarta take nema, shaidarta ba ta shiga lissafi. A nemi baki biyu ko uku waɗanda ba su haɗa komi ba, a je da ƙafa, a tambayi abu takamaimai: ta taɓa ba yaro magani ba da izini ba? Tana dukan yara? Tana fita ta bar su? Wa ke zuwa wurinta? Wasu abokan aikina suna cewa a nemi takardar kotu da ake kira kaziye. Ba laifi ba ne, amma takardar nan hukuncin da aka taɓa yanke wa mutum kaɗai take nunawa. Ba ta san kwalbar siro ba, kuma yawancin masu wannan aiki ko takardar haihuwa ba su da ita. Katin ɗan ƙasa, in akwai, a duba shi saboda shekaru da garin asali. A kuma san wani babba nata da za a nema in wani abu ya taso.

Da na gama, na aika aka kira dattijuwar, muka yanke albashi a gaban maigidana da ɗanta, muka kuma faɗi aikin da baki: reno kaɗai, ba wanki, ba girki. Ta fara zuwa ina gida, sati guda cur ina ganin yadda take ɗaukarsa, yadda take wanke hannu, yadda take yi in ya ƙi shiru. Wannan satin gwaji yana da amfani ƙwarai, sai dai ba ya maye gurbin tambaya, domin kowa yana iya gyara hali na kwana bakwai a gaban mai gida.

Akwai abin da ba zan rufe wannan takarda ban faɗa ba, ko da zai yi wa wasunmu ɗaci. Dokar aiki ta 2012 ta hana a ɗauki yaron da bai kai shekara 14 ba aiki. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan ya kasance sefa 30.047 tun 2012, aka ɗaga shi zuwa 42.000 a farkon 2024. Ni ma'aikaciyar gwamnati, wadda ta san waɗannan dokoki, na ɗauki ƴar shekara goma sha uku a kan jikka 10, na ɗora mata aikin mutum uku, na kuma yi mamaki da ta nemi dabarar da za ta sa jariri ya yi shiru. Da na je Zariya tun farko, da ban ɗauke ta ba, gaskiya ne. Amma da wata yarinyar zan ɗauka in ɗora mata irin wannan kaya. Tambaya tana tsare ki daga halin da mutum ya zo da shi. Halin da gidanki zai koya masa kuwa, wannan yana wuyanki.

Dattijuwar nan ta shekara shida tare da mu, ita ta goyi autana. Wata rana muna shan fura, bayan mun saba, ta ce mini: "Ɗiyata, kin san ranar da kika tafi tambaya a kaina, ni ma na zo unguwarku?" Ashe ta zauna wajen mai wankin ƙofar gidanmu, ta tambaye shi ko ina biyan mutane a kan lokaci, ko maigidana mutumin kirki ne, da kuma abin da ya kori yarinyar da ta gabace ta. An gaya mata komi, har da kwalbar, har da yawan aikin da na ɗora wa yarinyar. Shi ya sa, in ji ta, ta kafe a kan ba za ta yi girki ba. Na ce: "Inna, da an ce muku ba na biya fa?" Ta ce: "Da kin aiko ba ki same ni ba." Ta fi ni sanin lokacin tambaya, ita da ba ta taɓa shiga lakkwal ba.

Abokiyar aikina da na ambata a farko, na ba ta wannan labari a buro, ƙofa a rufe. Ba ta ce komi ba. Washegari ta makara da awa guda, ta shigo da ƙura a ƙafa, ta ce daga Bagalam take, gidan da yarinyarta ta baro. Ban tambaye ta abin da aka gaya mata ba, wannan tsakaninta ne da su.

Allah shi raya mana zuri'a, shi haɗa mu da masu amana, shi kuma sa mu zama masu amana ga ɗiyan mutane da ke ƙarƙashinmu. Wassalam.